Ƙasar Shuka da Juriyar Iri ga Ƙwari: Tambayoyi da Amsoshi ga Manoman Rani

Waɗannan tambayoyi ne da masu noman tumatir, attaruhu, tattasai da wake suke yawan kawowa, daga Kadawa da Kura da Bunkure har fadamun Auyo da Haɗejiya, musamman waɗanda suke cire iri da hannunsu su ajiye na baɗi. Kusan duk a kan abu ɗaya suke kewayawa: iri ɗaya, daga gwangwani ɗaya, ya tsaya da ƙarfinsa a wannan gona, amma ƙwari su gama da shi a ta maƙwabci.

Shin ƙasa tana da hannu a kamun ƙwari, ko daga iri ne kawai?

Duka biyun. Juriya a cikin iri take, gadonta yake yi daga iyayensa. Sai dai ƙasa ce take ba shi damar nuna ta ko ta hana shi. Abincin da saiwa ta samu shi ke sa ganye ya yi kauri ko ya yi laushi. Ruwa da iskar da ke cikin ƙasa su ke sa saiwa ta rayu ko ta ruɓe. Zafin ƙasa yana iya kashe wata juriyar gaba ɗaya, za mu zo kan wannan. Sannan akwai ƙwari da cututtukan da a cikin ƙasar suke zaune tun kafin a kawo irin. Don haka duk wanda zai ce wannan iri ya fi wancan jure ƙwari, a tambaye shi a wace ƙasa ya gwada.

Tumatir ɗina ya yi kore shar bayan na zuba yuriya, sai ga darɓa da farin ƙuda sun cika shi. Mene ne haɗinsu?

Haɗin kai tsaye ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. Idan ta yi yawa shuka tana fitar da sabon ganye da sauri, fatarsa siririya, ruwan cikinsa cike da abincin da darɓa da farin ƙuda suke tsotsa. Bakinsu yana shiga da sauƙi, suna hayayyafa da wuri. Ganyen kuma ya yi duhu ya rufe, iska ba ta ratsawa, feshi ba ya kaiwa ƙarƙashi inda suke ɓuya. Farin ƙuda shi ne ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta mai da shi rawaya, shukar ta tsugune ba ta ƙara girma, kuma wannan ba ta da magani idan ta shiga.

Gyaran ba daina taki ba ne. Shukar da yunwa ta kama ita ma ba ta iya kare kanta. A fara da takin kamfa 15-15-15 kamar mako 2 bayan dashe, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, wajen giram 5 zuwa 6, ga kowace shuka, a binne shi nisan yatsu huɗu daga tushe. Yuriya a raba ta gida biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, kada a juye ta lokaci ɗaya. Sinadarin fotash da ke cikin kamfa shi ne ke ƙarfafa jikin ganye da kara, shi ya sa wanda ya tsallake kamfa ya dogara da yuriya zalla don ta fi saurin nuna kore yake shan wahalar darɓa fiye da kowa. A fangalin reno kuwa kada a zuba yuriya sam, sai idan dashen ya yi rawaya a fili.

Wane haɗin ƙasa ya dace da fangalin reno?

Kwanon sarki 2 na ƙasar sama, 1 na takin gida da ya ruɓe sarai, 1 na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa ko buntun shinkafa da aka babbake. A tankaɗe kowanne da rariya kafin a gauraya. Idan ƙasar gonarka turɓaya ce irin ta jigawa, ka rage yashin ko ka bar shi gaba ɗaya, domin abin da take buƙata shi ne abin riƙe ruwa. Idan laka ce ta fadama mai tsagewa in ta bushe, kada ka rage.

Gwaji mai sauƙi: jiƙa haɗin, ka dunƙula a tafin hannu. Ya kamata ya dunƙule, amma da ka taɓa shi da yatsa ya warware. Idan ya tsaya kamar ƙwallo yana sheƙi, laka ta yi yawa, ruwa zai kwanta, dashe zai riƙa ruɓewa a wuya yana faɗuwa cikin kwanaki goman farko. Idan ya ƙi dunƙulewa, yashi ya yi yawa.

Inda aka ɗebo ƙasar saman ya fi komai muhimmanci. Kada a ɗebo daga gonar da aka yi tumatir, attaruhu, gauta, kuɓewa ko rama a shekaru 3 da suka wuce. Gonar gero ko dawa ta fi. Fangalin ya zama faɗin mita 1 don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba, a ɗaga shi kamar santimita 15 idan damina ba ta gama janyewa ba, a yi layi-layi tazarar santimita 10 zuwa 15 maimakon watsawa. Dashen da ya cunkushe yakan yi tsawo siriri, shi ne farkon abin da ƙwari ke kayarwa.

Yaya zan gane takin gida ya ruɓe?

Ba ya zafi idan ka tura hannu cikin tsibin, ba ya warin fitsari, ya yi baƙi, kuma ba ka iya bambance kashin dabba da ciyawa. Na shanu da awaki yana son wata 2 zuwa 3 a tsibi, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu. Kashin kaji ya fi zafi, shi ya fi ƙona saiwa.

Ɗanyen taki yana zuwa da baƙinsa: gwazarma, 'ya'yan ciyawa, ga kuma gara da karmamin da bai ruɓe ba yake jawowa. Saiwar da ya ƙona kuma ƙofa ce a buɗe ga cutar ruɓa.

Ana cewa a gasa ƙasa ko a rufe ta da leda. Wanne ya fi?

Ya danganta da lokaci. Leda aikin bazara ce, daga Maris zuwa Mayu. A gyara fangali, a ba shi ruwa ya jiƙu har ƙasa, a shimfiɗa farar leda wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, ba baƙa ba, a binne gefunanta kaf yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta mako 4 zuwa 6. Baƙar leda ita ce ke ɗaukar zafin a jikinta, fara kuwa barin rana take yi ta shiga ƙasa. Busasshiyar ƙasa ba ta kai zafi ƙasa, shi ya sa ruwan farko ya zama dole. Bayan an cire ledar kada a yi haƙa mai zurfi, za a tono abin da zafin bai kai gare shi ba. A watan Agusta, lokacin da masu renon farko suke shiri, hadari ba ya barin wannan hanya ta yi aiki sosai.

Nan ne gashi yake shigowa. A raba duro gida biyu, a zuba haɗin da danshinsa, kaurin da bai wuce taƙi ɗaya ba, a rufe da buhu, a hura wuta a ƙasa ana juyawa. Abin da ake so zafin digiri 70 zuwa 80 na minti 30. Wanda ba shi da ma'auni ya binne ƙaramin dankali a tsakiya, idan ya nuna ƙasar ta yi. A sauke, a baza a kan leda mai tsabta, a bar ta ta huta kamar mako ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ta a wuta har ta bushe ta soma hayaƙi. Wannan yana kashe har ƙananan halittu masu amfani da suke takura wa masu cuta, kuma ƙasar takan saki sinadaran da ke ƙona bakin ganyen dashe. Ƙasar da aka kashe komai a cikinta, duk cutar da ta fara faɗawa ciki ta samu fili ita kaɗai. Saboda haka fatanya da kwanon da aka taɓa tsohuwar gona da su a wanke su kafin su taɓa ta.

Na sayi irin da aka ce yana jure tsutsar saiwa, amma na tono na ga saiwar duk ƙulli. An cuce ni ne?

Ba lallai ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi nuna yadda ƙasa ke juya juriyar iri.

Da farko a duba gwangwanin. Haruffan da ke bayan sunan iri suna nuna abin da yake jurewa: V da F cututtukan bushewa ne guda biyu da ke shiga ta saiwa, N ita ce tsutsar saiwa, wato nematodi. Roma VF, kamar yadda sunansa ya nuna, ba shi da N. Mutane da yawa suna ganin haruffa su ɗauka komai an haɗa.

Idan kuma akwai N ɗin, to ga abin da ke faruwa. Kusan duk tumatirin kasuwa da ke jure wannan tsutsa daga ƙwayar gado guda ɗaya ya samo juriyar, ana kiranta Mi, an ɗauko ta ne daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru. Wannan ƙwayar gado tana raunana idan zafin ƙasa ya daɗe a sama da digiri 28. A lokacin hunturu, Disamba da Janairu, ƙasarmu tana da sanyi, juriyar tana aiki. Amma wanda ya yi dashe a makare, shukarsa ta shiga Maris da Afrilu a kan farin yashi ba rufi, ƙasar da ke kewaye da saiwa takan wuce wannan ma'auni nesa ba kusa ba tun kafin azahar. Irin bai canza ba, ƙasar ce ta kwance masa ɗamara. Ga shi kuma ita tsutsar turɓaya ta fi so, domin ramukan da ke tsakanin yashi suna ba ta hanyar tafiya, laka kuwa tana matse ta.

Abin yi: a yi dashe da wuri yadda saiwa za ta kafu cikin sanyi. A rufe ƙasa da tattakar shinkafa kaurin yatsu uku zuwa huɗu, amma kada ta taɓa tushe saboda gara. A ƙara takin gida mai yawa, yana sanyaya ƙasa yana kuma ciyar da halittun da ke cin tsutsar. Tunkuzar 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira maina, giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, a gauraya da ƙasa mako 2 kafin dashe, tana rage ta. Kuma a juya shuka: gero, dawa, riɗi ko shinkafar da ruwa ke kwanciya a kanta. Bin tumatir da kuɓewa ko rama kiwon tsutsar ne kawai.

Alamarta a sama: shuka ta yi yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi, ta farfaɗo da yamma, kuma abin yana zuwa tsibi-tsibi a gona, ba ko'ina ba.

Ƙullin da ke saiwar wake ma tsutsar ce?

Yawanci a'a. Murza shi da yatsa. Idan ya ɓalle daga gefen saiwa, ka fasa ka ga cikinsa ja-ja, wannan na alheri ne, shi ke tara wa wake naitirojin. Na tsutsa kumburin saiwar ne kanta, ba ya ɓallewa.

Toka da buntun shinkafa suna ƙara wa shuka juriya?

Buntu yana da sinadarin silika da yawa, kuma shinkafa, dawa, masara da rake suna zuƙar shi su jera a fatar ganye da kara, ya yi wa tsutsa wuyar ci. Tumatir da attaruhu ba sa ɗaukar silika sosai, amfanin buntu a wurinsu shi ne sassauta ƙasa. A babbake shi ya yi baƙi kamar gawayi, kada a bar shi ya zama farar toka, kuma kada a sa shi ɗanye da yawa domin yana janye naitirojin yayin ruɓewa.

Tokar murhu tana da fotash, amma tana rage tsamin ƙasa da sauri. Tumatir yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, 6 zuwa 6.8 a ma'aunin pH. Tafi ɗaya a murabba'in mita ya isa. A ƙasar da take da kanwa kada a sa ko kaɗan, kuma kada a haɗa toka da yuriya wuri ɗaya, takin zai bi iska.

Sharon fa? Akwai ƙasar da ke hana shi?

Babu, kuma kada wani ya sayar maka da iri da sunan sharon ba ya cin sa. Wannan ƙwaro da tsutsarsa ke cin tumatir, Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ya fito, ya shiga Sifen a 2006, ya yi wa Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna mummunar ɓarna a 2016. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260, kuma a lokacin zafi cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka ƙwai ya zama uwa.

Amma ƙasa tana da rawa biyu a nan. Tsutsar idan ta ƙoshi, da yawanta ƙasa suke sauka su kwanta kafin su fito da fiffike. Wanda ya kafa reno a gefen tsohuwar gonar tumatir, ko ya ɗebo ƙasa daga can, da hannunsa ya kawo shi. Na biyu, ganyen da yuriya ta cika tsutsar ta fi saurin girma a cikinsa. A tuge tsohuwar shuka da zarar an gama tsinka a ƙona, a kafce gonar rana ta dake ta, a rufe fangalin reno da raga mai ƙananan ido tun ranar yafi.

Dashen faranti ya fi na ƙasa jure ƙwari?

Ya fi tsabta, ba juriya ya fi ba. Garin ɓawon kwakwa da ake cika farantan reno masu ramuka da shi ba ya ɗauke da tsutsar saiwa, kuma ana dasawa da ƙasarsa saiwa ba ta tsinkewa. Sai dai ba shi da abinci, dole a riƙa ba shi taki a ruwa, kuma wani yana zuwa da gishiri, a jiƙa shi a tsiyaye sau biyu ko uku kafin amfani. A ɗora farantan a kan benci, kada su taɓa ƙasa. Mako ɗaya kafin dashe a rage ruwa a ƙara masa rana, in ba haka ba zai fita da laushi. Yana kaiwa dashe a mako 4 zuwa 5, da ganye 4 zuwa 6.

Ƙwari sun cinye gonata, wasu 'yan shuke-shuke sun tsira. In cire iri daga jikinsu?

Ka cire, amma kada ka yanke hukunci tukuna. Je ka duba inda suka tsaya. Sau da yawa za ka tarar wurin tsohon suri ne, ko inda aka sauke tsibin taki, ko ƙarƙashin gawo, ko bakin hanyar ruwa. Wannan shuka wuri ne ya tsare ta, kuma wuri ba ya bin iri zuwa baɗi. Wadda ta cancanci a ɗaura mata ƙyalle ita ce wadda take tsakiyar ɓarna, maƙwabtanta na dama da hagu sun mutu a ƙasa ɗaya da ruwa ɗaya, ita tana tsaye.

Ko ita ma sai an gwada 'ya'yanta. A ajiye irin kowace uwa daban a takarda da lamba. A rene su duka rana ɗaya a haɗin ƙasa ɗaya. A gona, kowane iri layi ɗaya na shuka 10, a maimaita a wurare 3 ko 4, ana sauya jerin a kowane wuri don kada iri ɗaya ya riƙa samun gefen mai kyau. A saka layin wani iri da kowa ya san ƙwari suna cin sa. Shi ne shaidarka: idan shi ma bai kamu ba, to ƙwarin ne ba su zo ba, gwajin bai nuna komai ba. Taki da murfi ɗaya, ruwa lokaci ɗaya.

Duk mako, da sassafe kafin farin ƙuda ya soma tashi, a duba shuka 5 na tsakiyar kowane layi, ganye uku-uku, sama da tsakiya da ƙasa, a juya bayansu a ƙirga a rubuta. A ƙarshe a tono saiwa da fatanya, ba tugewa ba, a wanke a ba ta maki daga 0, wato babu ƙulli, zuwa 5. A yi wannan a jigawa a kuma yi a fadama, shekara biyu. Irin da ya yi fice a ƙasa ɗaya kawai, na wannan ƙasar ne, a faɗa wa duk wanda za a ba shi.

Filin gwaji ba a yi masa feshi sai an gama ƙirga, don haka ya zama ƙarami, nesa da gonar maƙwabta, a kuma share shi da zarar an gama. Haƙƙin maƙwabtaka ne. Masu attaruhu da tattasai su sani ƙudan zuma yana haɗa musu iri, a rufe uwar da raga kafin fure ya buɗe. Tumatir da wake galibi kansu suke yi wa barbara.

Zan iya cire iri daga tumatirin haibirid mai juriya?

Zai fito, amma ba zai zo iri ɗaya ba, domin haibirid daga haɗa iyaye biyu mabambanta ake samun sa. Idan juriyar daga ɗaya cikin iyayen ta zo, kamar yadda aka fi yi, kusan shuka 1 cikin 4 na 'ya'yan za ta rasa ta, girma da siffar 'ya'ya ma su rarrabu. A ƙasa mai tsabta ba za ka lura ba, sai ranar da ka kai shi gonar da ke da tsutsa.

Wuta-wuta ta fi yawa a gonar da ta gaji. Iri ne maganinta ko taki?

A haɗa. Saiwar da ke cikin ƙasa marar abinci, musamman marar sinadarin da ke cikin takin sufa, tana ƙara fitar da wani ruwa, shi ne kuma yake tayar da 'ya'yan wuta-wuta da suke kwance, waɗanda ke iya jira fiye da shekara 10. Takin gida da sufa suna rage wannan kira. A ɓangaren iri, SAMPEA 10, irin waken da ya fito daga aikin cibiyoyin binciken noma na IITA da IAR Samaru, an san shi da jure wuta-wutar wake. SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 kuwa tsutsar fure da kwanso yake jurewa, ba a yi shi don darɓa ko ƙwarin da ke tsotsar kwanso ba, kowane iri da abin da aka gina shi a kai. Wuta-wutar wake daban take da ta dawa da gero, kuma ita kanta ta waken iri-iri ce daga yanki zuwa yanki, don haka a fara gwada sabon iri a 'yan kunyoyi. A tuge wuta-wutar kafin ta yi fure.

Ƙasata tana yin fari-fari a sama bayan ban ruwa, jan gizo-gizo kuma ya addabi attaruhu. Suna da alaƙa?

Suna da ita. Farin nan gishiri ne ko kanwa, yana hana saiwa shan ruwa ko da ruwan na nan, sai shuka ta zauna cikin ƙishi. Jan gizo-gizo kuwa shukar da ke cikin ƙishi da ƙura ya fi so. Ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum shi ke jawo gishirin sama. A riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi ya wanke shi ƙasa, a buɗe magudana ruwan ya samu mafita, a dasa a gefen kunya ba a kan tsororuwarta ba inda gishirin ke taruwa. Idan abin ya yi tsanani a kai samfurin ƙasa da na ruwan a auna, malamin gona na hukumar noma ta Kano (KNARDA) ko ta Jigawa (JARDA) zai nuna inda za a kai.

Zan iya sake amfani da ƙasar reno ta bara?

Idan dashe ya ruɓe a cikinta ko ka ga ƙulli a saiwa, a kwashe ta a kai gonar gero. Idan lafiya ta fita, a tankaɗe, a ƙara kashi ɗaya na sabon ruɓaɓɓen taki a kan kashi uku nata, a gasa ko a rufe da leda kamar sabuwa. Farantai kuma a wanke da sabulu, a jiƙa su minti 30 a ruwan bilic, gwangwani 1 a gwangwani 9 na ruwa, a ɗauraye a shanya kafin a cika.